A Kunne Yake

A benen masu kwamfuta, hawa na biyu, shago na ƙarshe kafin matattakala, akwai wani mutum da kowa yake kira Kunne. Sa'o'insa su ce Kunne, na ƙasa da shi su ce Baba Kunne, shi ma idan ya ɗaga waya da haka yake amsawa. Gajere ne kakkaura, ya ba hamsin baya da shekara takwas, tabarau kullum a goshi kamar da shi aka haife shi. Ba shi da yawan fara'a, kuma bai taɓa neman a ce yana da ita ba. Sana'arsa haɗa kwamfutar tebur tun daga akwati wayam har ta tashi, amma abin da ya ja masa suna shi ne sanyaya ta.

Kunnen gado ne. Mahaifinsa mai gyaran fanka ne, ta silin da ta tebur da ta tsaye, a wata rumfa da ba ta fi taku huɗu ba. Tun Kunne yana ƙarami tsohon yake kunna fankoki biyar lokaci guda, ya sa shi ya juya baya, ya ce, "Wacce ce boris ɗinta ya ci?" In ya canka daidai babu yabo, in ya kuskure akwai ranƙwashi. A nan ya koyi dabarar da ta ciyar da shi shekara arba'in: a ɗora tsinin sukudireba a jikin abin da ke juyawa, a jingina ƙotar a ƙashin bayan kunne, a runtse ido. Duk ciwon da ke cikin ƙarfen sai ya biyo sukudireban ya faɗa maka.

Da kwamfutoci suka fara shigowa ofisoshi, ta ƙofar fanka ya shige su. Wani akawu ya kawo wadda take kuka kamar injin niƙa, masu gyaran rediyo duk sun ƙi taɓa ta. Shi kuwa ya buɗe, ya ga ashe 'yar fanka ce a ciki irin wadda ya sani, an dai ƙanƙanta ta. Daga ranar bai sake komawa rumfar ubansa ba sai gaisuwa. Sauran aikin ya koye shi kaɗan-kaɗan, da ƙona abubuwa, da tambayar mutanen da ba sa son a tambaye su. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, dukansu da abin da fankoki suka kawo aka yi musu makaranta.

Sai zamani ya biyo shi har shago. Aka samu masu haɗa kwamfuta don sha'awa, ma'aikatan banki da likitoci da masu haɗa bidiyo da masu wasan harbe-harbe a allo. Akwatinsu da gilashi a gefe, ciki fitilu ja da shuɗi sai ka ce shagon mai sayar da ƙwan lantarki. Su sayo kaya masu tsada su haɗa da kansu, injin ya ɗau zafi ya fara gurnani, sai a rungumo shi a hau bene. Kunne kuwa ba ya raga wa kowa. Ya leƙa ciki ya ce, "Wa ya ɗaura fankokin nan? Ta gaba tana hurowa ciki, ta baya ma tana hurowa ciki, to zafin ta ina zai fita? Ta hancinka?" Ko ya ɗaga abin sanyayawa ya tarar an lafta man shafawar nan mai ruwan toka da ake sa wa a ƙarƙashinsa don ya janye zafi, har yana zuba ta gefe, ya ce, "Kamar ƙwayar wake ake ɗigawa, malam, ba filasta muke yi ba." Suna jin haushinsa, suna dawowa, domin duk injin da ya fita daga hannunsa yakan yi sanyi ya yi shiru.

Da aka shigo da sanyayawa da ruwa ne ya gagari kowa a benen. Ɗan famfo ne da bai fi gwangwanin madara ba, yana zama a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin inda zafi ke taruwa, ya riƙa tura ruwa ta tiyo biyu zuwa lagireto a saman akwati, fankoki su hure zafin waje. Famfo mai lafiya ba ya ƙara, sai wani siririn amo, ziii, wanda yawancin mutane ba sa ji ko sun manna kai a gilashi. Kunne yana ji. Ya ɗora sukudireba ya runtse ido, ya ce maka wannan iska ta shige shi, wannan ya kusa mutuwa, wannan zai kai shekara biyar. Lambobin da allo ke nunawa kuwa, na zafi da na gudun fanka, kallon raini yake musu. Wata rana allo ya rantse masa cewa wani famfo lafiyarsa ƙalau, kunnensa ya ce ƙarya ne, aka farke famfon aka tarar farfelar ciki ta karye. Ya ba da labarin nan ya fi sau ɗari, kowane karo da ƙarin gishiri.

Wata takwas ke nan da abin ya same shi. Yana aikin injin wani likitan haƙori da hantsi, sai ya ji wani siririn amo da bai gane daga inda yake fitowa ba. Ya tsayar da fankokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, amon yana nan. Ya ɗaure duk wani noti, ya canza akwatin wuta, ya buɗe injin ya rufe har sau uku, amon bai gusa ba. Ransa ya ɓaci, ya kulle shago ya sauka neman abinci. A matattakala amon ya biyo shi. Ya tsallaka titi da shi. Ya tsaya a gindin wani allon talla, ya cusa yatsa a kunnen dama ya toshe, maimakon ya ɗauke sai ya ƙara fitowa fili. Yunwar ma ta tafi. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya san amon nan sarai: irin na famfo ne mai lafiya, sak.

Bai faɗa wa kowa ba. Bayan amon sai jin ma ya fara raguwa, maganar mutane ta koma kamar daga bayan ƙofa ake yin ta. Ya koyi karkata kunnen hagu ga mai magana, ya koyi kallon leɓe. In abin ya wuce shi sai ya gyaɗa kai ya ce "haka ne", ko ya ɗaure fuska a ɗauka miskilancinsa ne ya motsa. Rannan mai gyaran waya na shagon kusa ya leƙo a rikice ya ce an sace masa babur, Kunne ya ce, "Madalla, haka ake so." Sati guda mutumin bai gaishe shi ba. A gida mai ɗakinsa ta ce ƙarar talabijin ta yi yawa, ya ce talabijin ɗin ne ya tsufa. Ta dube shi ta ci gaba da aikinta.

Tsoro yake ji, ba wani abu ba. In benen nan ya ji cewa Kunne ba shi da kunne, me ya rage? Wani gajeren dattijo mai faɗa, wanda samarin shagunan ƙasan benen sun fi shi saurin hannu, sun fi shi sanin sababbin kaya. Don haka ya shawo kan kansa cewa yana iya rarrabe amon ciki da na waje, kamar yadda uwa take gane kukan ɗanta a cikin na wasu. Ya ci gaba da ɗora sukudireba yana yanke hukunci, kuma Allah ya rufa masa asiri har wata takwas.

Auta ce ta ƙarshe a 'ya'yansa, ita kaɗai ta rage a gida. Zanen gine-gine ta karanta, shekara biyu tana yawon neman aiki da takardu a jaka. A ƙarshe wani kamfani ya kai ta matakin ƙarshe, su uku suka rage. Aka ce kowa ya zana ɗakin karatu na unguwa, ya mayar da zanen ɗan bidiyo wanda mai kallo zai ji kamar yana yawo a cikin ginin, ya tura a shafin kamfanin kafin ƙarfe biyar na yammacin Alhamis. Biyar na bugawa shafin zai rufe kansa. Zanen ta gama shi, amma 'yar kwamfutar cinyarta ta ce sai ta yi kwana uku kafin ta fitar da bidiyon, in ma ba ta mutu a hanya ba.

"Kina 'yar Kunne kina kuka da inji?" in ji shi. "Bar min wannan."

Shekara da shekaru yana haɗa wa 'ya'yan mutane, bai taɓa haɗa wa nasa ba, sai ragowar kaya da yake harhaɗa musu. Wannan karon ya zage. Ya zaɓo furosesa mai ƙarfi, da katin hoto, wato mai sarrafa abin da ke fitowa a allo, mai kauri kamar bulo, da akwati mai wadatar iska. Abin sanyayawa na ruwa ne ya makara, bai iso ba sai yammacin Laraba bayan an tashi. Da sassafen Alhamis ya buɗe shago ya haɗa. Ya ɗiga man shafawa daidai ƙwayar wake, ya zaunar da famfo, ya ɗaure notinansa huɗu a gicciye, ya kwashe wayoyi duka ya zura su ta baya ya ɗaure, ya rufe murfin bayan, gaba ya fito fes ba ko zare. A ƙa'idarsa sabon inji sai ya wuni yana aiki mai nauyi kafin ya bar shago. Yau babu wannan lokacin. Ya kunna, ya ɗora sukudireba a kan famfo, ya runtse ido. Ziii, sumul. Ya kashe, ya rufe gilashi, ya ɗauki tasi, injin a cinyarsa har gida.

Ɗakin Auta shi ne na yayyenta a da, har yanzu gadaje biyu ne a ciki, ɗaya ya zama wurin tara takardu. Teburinta yana gindin taga. Ya ajiye injin a kai, ta shafa gilashin tana murmushi, ta ce, "Baba, wannan ai ya fi ƙarfina." Ya ce, "Yi aikinki dai." Daɗi ya ji har cikin ransa, amma fuskarsa ba ta nuna ba. Ta zuba zanenta a ciki, ta ce awa biyu zai ɗauka. Sha ɗaya da rabi ta danna.

Minti goma sha biyu fankokin suka tashi da gudu, labulen taga har motsi yake, sai allo ya yi baƙi. Injin ya kashe kansa don kada ya ƙone.

"Manhajarki ce," in ji shi. "Sake kunnawa."

Ta sake. Wannan karon ko minti goma bai kai ba. Ya sauke tabarau daga goshi, ya kwance gilashi, ya kwance famfon, ya goge man tas da ƙyalle, ya ɗiga sabo, ya mayar. Kafin ya rufe ya saurara, ya ji abin da yake son ji. Sha biyu da rabi ta wuce suka sake dannawa, injin ya sake mutuwa. Ya ce ɗakin ne ya yi zafi, wa ya ce a ajiye tebur a gindin taga? Aka ja labule, aka jawo fankar falo aka saita ta cikin akwatin. Da wannan injin ya daure minti ashirin, har Auta ta fara sakin kafaɗa, sannan ya ɗauke.

Mai ɗakinsa ta leƙo da tire ta ajiye a kan gadon takardu, ba wanda ya kalli abincin. Ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zane.

Auta ta miƙa hannu ta taɓa lagireton. Ta taɓa tiyon daga ƙasa, kusa da famfo, ta janye yatsa da sauri.

"Baba, nan sama sanyi ƙalau, nan ƙasa kuma kamar dutsen guga. Anya ruwan yana tafiya?"

"Yana tafiya."

"Ko dai famfon ne?"

"Na ce miki na saurare shi. Sau nawa zan saurare shi?"

Da injin ya huce ta kunna, ta shiga shafin da yake nuna lafiyar kayan ciki. Ta ɗan juyo masa da allon, ta nuna da yatsa ba tare da ta ɗaga murya ba. Layin fankoki duk da lambobinsu. Layin famfo sifili.

"Allo?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ni za ki nuna wa allo? Akwai wata rana, wani ya kawo min inji, allon ya ce..."

"Na sani, Baba. Farfela ta karye."

Gaskiyar magana, da wani ne ya tsaya a ƙasan bene ya ƙwala masa cewa lagireto sanyi, tiyo zafi, allo sifili, da ko saukowa ba zai yi ba zai ce famfo ne, je ka duba wayarsa. Wannan ko sabon shiga ya san shi. Kunne ma ya sani, can ƙasan ransa ya sani tun mutuwa ta biyu. Amma in famfon ba ya juyawa, to me ya ji da safe a shago, me ya ji ɗazu? Amsar tana tsaye a gabansa, shi kuma ya gwammace ya kwance injin nan gaba ɗaya da ya dube ta. Sai ya ce ƙila famfon bai zauna daidai ba, ya sake kwancewa, ya sake gogewa, ya sake ɗigawa. Noti ɗaya ya suɓuce masa ya faɗa ƙarƙashin katin hoto, sai da ya karkata akwatin ya girgiza kafin ya fito. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Auta tana zaune a bakin gado, waya a hannu, tana duba lokaci tana kifewa.

Biyu da rabi injin ya mutu karo na biyar.

"Baban Auta," in ji mai ɗakinsa daga ƙofa, "yarinyar nan fa shekara biyu take jiran yau."

Ko bai ji ba, ko ya ji ya share, ba ta sani ba. Ya danna maɓalli, fitilun ciki suka kama, fankoki suka fara juyawa a hankali ba ƙara, yadda ya saita su. Ya sunkuya ya ɗora tsinin sukudireba a kan famfo, ya jingina ƙotar a bayan kunne, ya runtse ido gam.

Auta ta dubi uwarta. Idonta ya kawo ruwa. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ƙaryata mahaifinta a fuskarsa ba, kuma ko yanzu ba ta san da wane baki za ta yi ba. Ta tashi a hankali, ta zagaya bayan tebur, ta kama fulogin ta zare shi daga bango. Fitilun suka mutu. Fankokin suka yi juyi biyu uku suka tsaya cak.

"Yauwa," in ji Kunne, idonsa a rufe. "Ga shi nan. Zo ki sa kunne ki ji da kanki, tunda kin fi yarda da allo."

"A kunne yake, Baba?"

"A kunne yake mana. Sumul yake tafiya, ko iska babu a ciki."

"Baba, buɗe idonka."

Ya buɗe. Cikin akwatin duhu, fankoki a tsaye. Ya ɗago kai ya ga 'yarsa da fulogi a hannu, hawaye yana bin kumatunta. Ya sake duban injin. Sukudireban yana nan a bayan kunnensa, amon yana nan, ziii, lafiyayye. Ya janye sukudireban ya ajiye a tebur, amon bai tafi ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban ubansa.

"A kunne yake," ya sake cewa, a hankali. Wannan karon ba injin yake nufi ba, hannunsa yana kan kunnensa na dama.

Ya juya akwatin, ya kwance murfin bayan da bai taɓa ba tun safe. Bai yi minti ɗaya yana nema ba. A cikin damin wayoyin da ya ɗaure da kyau, wayar wutar famfon tana reto, bakinta ya zame daga mazauninsa, da alama lokacin da ya matse murfin ne ta fita. Kuskure ne da kowane mai haɗa inji yake yi, shi ma ya sha yi, kunnensa ne yake kama masa shi tun kafin ya ɗaure noti na ƙarshe. Ya tura ta ta shige. Auta ta mayar da fulogi, ta danna maɓalli.

Ya ga ta ɗago kai da sauri, ya ga uwarta ta matso daga ƙofa. Sun ji ruwa ya yi ƙululu a cikin tiyo, iskar da ta taru tana wucewa. Shi bai ji komai ya canza ba. Fuskokinsu ya duba.

"Ya tashi?" ya tambayi 'yarsa.

"Ya tashi, Baba."

Uku saura minti goma ta danna. Awa biyu aikin yake so, sannan a tura shi. Su duka ukun sun iya lissafi, ba wanda ya yi shi a fili. Auta ta zauna a gaban allo ta kafe ido a kan layin da ke cika a hankali. Kunne ya ture takardu ya zauna a bakin ɗaya gadon, hannuwa tsakanin gwiwoyi. Lambar zafi ta hau ta tsaya a inda ya kamata, ba ta ƙara motsi ba. Yanzu shi ma lambar yake kallo.

"Tun yaushe?" in ji mai ɗakinsa. Ta zo ta gefen hagunsa ta zauna kafin ta yi tambayar, kuma ta ɗaga murya daidai yadda zai ji. A nan ya gane ta daɗe da sanin wane kunne ne.

"Wata takwas."

"Ni na ɗauka shekara. Na yi ta jira ka faɗa da bakinka."

"In faɗa in ce me? In ce Kunne ya kurumce? Wa zai sake hawo min bene?"

"To ka ga wadda ta hau maka yau," ta ce, ta nuna 'yarsu da haɓa.

Auta ba ta juyo ba. Sai can ta ce, da ƙarfi, "Da ka ce min tun safe, Baba, Auta zo ki saurara min, ai minti ɗaya ne. Ni ba mai hawa bene ba ce. 'Yarka ce ni."

Wannan ya ji shi duka, ba harafin da ya wuce shi.

Rana ta karkata ta bar tagar. A ƙasa motoci suna wucewa, wani maƙwabci yana buga ƙusa a bango, mai ɗakinsa ta ɗauke tiren ta fita ta dawo ba komai a hannu. Layin ya ci rabi, ya ci kashi uku cikin huɗu. Injin bai ko yi tari ba. Biyar saura minti takwas bidiyon ya fito. Auta ta buɗe shafin kamfanin, ta jawo bidiyon ta saka, wani sabon layi ya fara cika. Talatin cikin ɗari. Hamsin. Kunne ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Yana saba'in da ɗaya agogon allon ya koma biyar daidai, shafin ya yi fari, wasu 'yan kalmomi suka fito a tsakiya suna godiya ga duk waɗanda suka shiga.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta buɗe wasiƙa ta rubuta wa kamfanin layi uku na ban haƙuri, ta liƙa bidiyon ta tura, ko za a duba ko ba za a duba ba. Ta tashi ta je gindin taga ta ɗage labule, ta tsaya ta ba ɗakin baya. Uwarta ta dubi mijinta, ta fita ta ja musu ƙofa.

Kunne ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Bai saba ba da haƙuri ba, ga 'ya'yansa kuwa bai taɓa yi ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Auta," ya ce. "Ni na cuce ki. Ba injin ba ne, ni ne. Ki yafe min."

Kafaɗunta suka motsa. Ta yi magana, fuskarta a jikin gilashin taga, muryarta ƙasa-ƙasa irin ta wanda kuka ya ci ƙarfinsa. Maganar ba gajeriya ba ce, ta kai jimla biyu ko uku. Ya karkata kunnen hagu, ya ɗan matsa gaba. Babu leɓen da zai kalla. Abin da ya iso masa gunaguni ne kawai, a ƙarƙashin amon nan da ba ya gajiya. Ko ta ce ta yafe, ko ta ce ba yanzu ba, ko ta faɗi abin da ya fi wannan zafi, bai sani ba. Ta gama, tana jiran amsarsa.

Kansa ya fara sunkuyawa zai gyaɗa, "haka ne" ta zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta.

"Ban ji ba, 'yata," ya ce. "Kunnena ba ya ji. Juyo ki sake faɗa min."